Turmin Atamfar da Na Mayar wa Hajiya

Tun kafin a ɗaura mana aure nake ɗauke da wani tsoro, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Ina tsoron wata rana maigidana zai dawo daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ni da kyau, ya ga ban dace da shi ba. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare, can Sokode, shekarar da mahaifiyata ta rasu goggo ta ɗauke ni ina taya ta dama koko. Shi kuwa lokacin da aka kawo ni Zangon Lome ya riga ya gama jami'a, yana koyon aiki a ƙarƙashin wani tsohon lauya ɗan ƙabilar Mina a cikin gari. Idan wayarsa ta yi ƙara ya juya harshe zuwa Faransanci, sai in tsaya da abin da nake yi in kasa kunne. Ba duka nake ganewa ba. So nake in ji ko muryar mace ce, ko kuma yana yin irin dariyar da ba ya yi da ni. Can na sa ido shekara da shekaru. Ashe ba ta nan abin zai ɓullo ba.

Ɗaki da falo muke haya, a wani gida kusa da babban titin da manyan motocin Burkina suke kwana. Da damina jar laka ce ko'ina. Kullum da safe yakan sa wani ɗan tsumma a aljihun jakarsa, don ya goge takalmi kafin ya shiga ofis. Baƙar rigarsa ta kotu, mai farin ƙyalle a wuya, ni nake goge masa ita, in naɗe in sa a leda, don ba ya son ya hau zemijan, babur ɗin haya, sanye da ita mutanen unguwa suna kallo. Amma duk da haka kowa Metir yake ce masa, yadda ake kiran lauyoyi a nan, har tsofaffin da suka yi karatun allo wajen mahaifinsa. Ni ma Metir nake ce masa. Da farko da zolaya, daga baya ya bi bakina.

Wata rana ina amarya na tambaye shi, “Metir, wai da gaske ne ɓarayi kake karewa?”

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. “Wa ya gaya miki?”

“A famfo na ji.”

“To ki koma famfo ki ce musu ni da ɓarawo ba mu haɗa hanya. Rigimar 'yan kasuwa nake yi. Wanda ya sayar da wanda ya saya, in sun saɓa. Sai kuma wankan gawa.”

Na ce, “A'uzubillahi.”

“Ba ta mutum ba. Kasuwanci ma yana mutuwa, Madam. In kamfani ya karye, dole a samu mai yi masa sutura. A rufe shago, a tara abin da ya rage, a raba wa masu haƙƙi bisa doka, kada mai ƙarfi ya kwashe ya bar mara ƙarfi.”

Iyakar abin da ya taɓa gaya mini game da aikinsa ke nan. Sunan mutum ko na kamfani bai taɓa fitowa daga bakinsa a gida ba. Ya ce ranar da aka rantsar da su sun ɗauki alkawarin riƙe sirri, kuma alkawarin bai ware mata ba. Ban ji haushi ba a lokacin. Ina ganin abin burgewa ne ma.

Dab da mu, tsallaken lungu, akwai gida mai shuɗiyar ƙofa, gidan wani Alhaji babban dillalin atamfa, mai shago a kasuwar Asigame. Tare suka taso da mahaifin maigidana. Ranar da aka rantsar da maigidana, Alhajin ne ya yanka rago, ya zaga da shi gida-gida yana cewa yau Zango ta yi lauya. Matarsa, Hajiya, ita ta zama mini uwa. Surukata tana Kumasi wajen babban ɗanta, ƙafa ta hana ta tafiya. Goggo ta tsufa. Da na haifi 'yata ta fari, Hajiya ce ta shigo ba tare da kowa ya kira ta ba, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta hura wuta, ta yi mini wankan jego safe da yamma har na yi arba'in. Tana fyaɗa mini ganyen darbejiya da ruwan zafi ina ihu, tana cewa, “Ɗaga hannu, matar Metir! Ko sai an kawo miki takarda daga kotu?” Ita ta dama mini kunun kanwa, ita ta gasa cibiyar jaririya, ita ta koya mini goyo yadda wuyan yarinya ba zai karkace ba. In za ta biki ta ce in ɗauko mayafi in biyo ta. A bayanta na san matan Zango, a bayanta suka san ni. Ba na shiga gida a ce wace ce wannan, sai a ce 'yar Hajiya ce.

Ina da cikin na biyu, ya fara nauyi, aka soma raɗe-raɗi. Wai kasuwar Alhaji ta yi baya tun da atamfa mai araha ta cika gari. Wai kayansa sun daɗe a tashar jirgin ruwa bai iya fitarwa ba. Wai masu kamfanin da ke ba shi kaya daga waje sun gaji da jira sun kai ƙara, shi kuma ya ƙi zuwa kotu, ya ce a Zango ba a haka, dattawa za su zauna a zauren liman a kashe magana kamar kullum. Sai ga wata mai sayar da wake da shinkafa ta dawo daga kasuwa ta ce da idonta ta ga an garƙame shagon an manna takarda da hatimi. Ta ce kuma ta ga wanda yake tsaye a gefen mai mannawar, riƙe da jaka. Da ta zo nan a labarin sai ta lura ina wurin da bokitina. Ta katse labarin. Ruwa ya cika ya tumbatsa, ba wanda ya ce mini kashe famfo.

Daga baya na fahimci tsohon lauyan ne ya miƙa wa maigidana shari'ar, a madadin masu kamfanin. Ita ce babba ta farko da aka sakar masa shi kaɗai. An ba shi ne don yana jin Hausa kuma ya san Zango. Dattawa suka kira shi bayan la'asar. Na leƙa ta taga na ga ya sa farar jallabiya da hular mahaifinsa ya tafi. Da ya dawo ya zauna a bakin gado, bai cire hular ba. Na ajiye masa abinci.

“Me suka ce?”

“Sun ce in janye.”

“To ka janye mana.”

“In na janye wani za a ba, wanda bai san Alhaji ba, bai san gidan nan ba.” Ya ɗauki cokali ya ajiye. “Kada ki ƙara tambayata, don Allah.”

Bayan 'yan kwanaki Hajiya ta leƙo da kanta da azahar ta ce in zo. Na bar 'yata tana barci na bi ta. Ba ta tsaya a falo ba inda muka saba zama. Ta wuce da ni har ƙuryar ɗakinta, inda ban taɓa shiga ba. Tun daga ƙofa ƙamshin sabuwar atamfa ya bugi hancina, wannan ƙamshin mai kama da kakin zuma. Ɗakin ya ƙanƙance. Bayan labule, kan sif, ƙarƙashin gado, ko'ina diloli ne an lulluɓe da zannuwan gado, wasu har sun kusa taɓa rufi. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na gane kayan shago ne aka kwaso aka kawo inda ake ganin baƙon namiji ba zai shiga ba.

Ta zaro turmi guda, 'yar Holan, mai ruwan goro da zanen ƙananan tsuntsaye. Ta ɗora mini a cinya.

“Ga na fitar suna. Ki kai wa tela da wuri, kin san halinsu.”

“Hajiya, wannan ai ya yi yawa.”

“Rufe mini baki. Wa gare ki in ba ni ba?” Ta zauna kusa da ni, ta rage murya. “'Yar nan, yaron nan a hannuna ya girma. Na wanke masa kashi. Ban ce ya yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Ki dai gaya masa ya sassauta. Namiji abin da bai ji a zaure ba yana ji a ɗaki.”

Haka ake yi a wurinmu, kowa ya sani. Maganar da ta gagari maza sai ta bi ta hannun mata, kuma ba a zuwa hannu sake. Babba kuma in ya miƙo maka abu, hannu biyu kake sawa ka karɓa ka yi godiya. Na durƙusa na yi godiya. Har ga Allah na ji daɗi. A raina na ce yau ga wani abu a aikin Metir da ni ma zan iya.

Kafin magariba ya dawo. Na shimfiɗa atamfar a kan gado don ya gani. Ya shigo yana sassauta ɗaurin wuya, yana wasa da 'yarmu, sai idonsa ya sauka a kanta. Bai dubi zanen ba. Ya juya gefen turmin inda takardar kamfani take manne, da ɗan hatimin shagon Alhaji a kai. Na ga fuskarsa ta sauya.

“Daga ina?”

“Hajiya ce ta ba ni na fitar suna. Metir, ai da ka ga ɗakin nan nata, wallahi har…”

Ya ɗaga hannu da sauri, kamar mai tsayar da mota. Bai taɓa yi mini haka ba.

“Tsaya. Kada ki faɗa.”

“Ni cewa zan yi…”

“Na ce kada ki faɗa. Duk abin da kika gani a gidan nan, ki bar shi a cikinki. In ya shiga kunnena ba zan iya cewa ban ji ba, kuma in na ji dole in kai gaba. Kin gane?”

Na gane. Na zauna a bakin gado.

Ya sassauta murya. Ya ce tun ranar da kotu ta rufe shagon, ko zare ɗaya na kayan ba na Alhaji ba ne kuma, ba shi da ikon sayarwa balle kyauta. Ya ce in aka gan ni da wannan atamfa a jikina ranar suna, a gaban duk Zango, ba shari'ar kaɗai za a ƙwace ba, baƙar rigar ma sai an tuɓe masa, har abada.

“To mu ɓoye ta a akwati. Ba zan ɗinka ba.”

“Ba za ta kwana biyu a gidan nan ba. Gobe ki mayar.”

“In mayar? Ga Hajiya? Metir, kai ɗan Zango ne fa. Ka taɓa ganin an mayar da kyauta?”

“Ban taɓa ba.”

“To kai ka kai mata.”

“In na taka gidan nan da turmin atamfa a hannu, me kike tsammani za a ce?”

Ya yi gaskiya, ni ma na yi gaskiya. Amma ni ce na tafi.

Da hantsi na naɗe ta a cikin tawul, na ɓoye ƙarƙashin hijabi, cikina ya taimaka wajen rufewa. Na yi niyyar in same ta ita kaɗai, in yi mata bayani a hankali. Ban san ranar ce mata suka taru a gidan don jajanta mata ba. Tsakar gida cike, an baza tabarmi, ana tsintar shinkafa. Na yi sallama aka amsa. Na so in juya, sai ƙanwar Alhaji, wata mai kaifin baki da ke aure a unguwar Kege, ta ce, “A'a, ga 'yar gida. Me aka kawo mana a ƙunshe?”

Na ce ina son ganin Hajiya a ciki. Hajiya tana zaune a kujera 'yar tsugunne. Ta dubi hijabina, ta dubi fuskata.

“Nan ma ciki ne. Faɗi.”

Da na san abin da na sani yanzu, da na ce gaisuwa na zo, na koma da kayana na jira wata rana. Amma an ce mini kada ta kwana biyu, hankalina kuma ya riga ya tashi. Na durƙusa na zaro, tawul ɗin ya zame, ruwan goron nan ya bayyana a gaban kowa. Hannuwan da ke cikin shinkafa duk suka tsaya.

“Shi ya aiko ki?”

“E, Hajiya. Ya ce…”

“Ajiye nan.”

Na ajiye a gefen tabarma. Ƙanwar Alhaji ta tafa hannu. “Yaya, ke ma da neman magana. Matar lauya guda za ki ba 'yar Holan? Ai sai leshi daga Faransa.” Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ki gaida gida.” Ba ta ce 'yar nan ba.

Ba a daɗe ba jami'an kotu suka zo gidan mai shuɗiyar ƙofa da rana tsaka, da mota babba. Sun zo da mace a cikinsu, ita ta shiga ƙurya. Ina tsaye bayan labulen tagarmu ina kallo ana fito da diloli ana lodawa. Maigidana ba ya cikinsu. Lungu ya cika da mutane, kuma kowa in ya gaji da kallon motar sai ya juyo ya kalli tagarmu.

Ranar da aka kawo kayan gidan Alhaji, na ji daga baya, ba a ɓoye aka kawo su ba. Rabin unguwa ya ga ana saukewa. Akwai direba, akwai 'yan dako, akwai mata da yawa da suka shiga ɗakin kafin ni. Amma a cikinsu duka ni kaɗai ce nake kwana ɗaki ɗaya da lauya, kuma ni kaɗai na mayar da kyauta. Ba wanda ya tare ni ya ce ke ce kika tona asirin kayan. Da an ce da na samu bakin rantsuwa. Sai dai in na doso famfo a ɗauke bokitai a ba ni wuri, kamar mai cuta. Mai koko ta zuba mini ba ta ɗago kai ba. 'Yata ta ruga za ta shiga gidan Hajiya kamar yadda ta saba, na riƙo ta, tana kuka tana cewa wajen Kaka za ta.

Na ce wa maigidana, “Ka fita ka gaya musu ba ni ba ce.”

Yana ɗaure takalmi. “In na ce ba ke ba ce, za a ce to wane ne. Wannan kuwa ba zan iya faɗa ba.”

“Amma ka san ba ni ba ce.”

“Na sani.”

“To ni wa zan gaya wa?”

Ya daɗe yana ɗaure igiya ɗaya. Abin da na gani a ɗakin nan ban iya faɗa masa ba, abin da ya sani bai iya faɗa mini ba, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Na lura shi ma ya daina zuwa masallacin lungu, sai ya zaga can bakin titi inda direbobi baƙi suke salla.

Na haihu a asibiti, namiji. Wata maƙwabciyarmu 'yar Mina mai soya kifi ita ta riƙe mini 'yata, Allah ya saka mata. Da muka dawo gida na kwanta ina sauraren ƙofa. Duk takun da na ji a lungu sai in ce ita ce. Washegari da sassafe na ji ana faɗa da itace a tsakar gida. Na leƙa. Maigidana ne, ya naɗe hannun farar rigarsa ta ofis, yana hura wuta hayaƙi ya cika masa ido. Ya samo ganyen darbejiya ban san daga ina ba.

“Metir, me kake yi? Maza ba sa wannan.”

“Wace doka ce ta hana? Nuna mini.”

“Ruwan bai yi zafi ba.”

“Ki yi haƙuri, Madam, yau na fara aikin.”

Na yi dariya, ɗinki yana ja na, sai dariyar ta koma kuka. Shi ya riƙa dafa mini ruwa kafin ya tafi kotu, in yi wankan da kaina iya inda hannuna ya kai. Na yamma sai in ya dawo da wuri, ba kullum ba.

Ranar suna maza sun zo, don liman ya zo, kuma ba a ƙin addu'ar jariri. Aka yi fatiha aka raba goro aka watse da wuri. Alhaji bai zo ba, ban kuma yi tsammani ba. Amma yinin mata shi ne suna. Na sa an dafa shinkafa babbar tukunya, na ɗauko kujerun haya, na ɗaura wata tsohuwar atamfata ta lefe, na zauna da jariri. Mai kifi ta zo da 'yan'uwanta biyu. Matar tsohon lauyan ta zo da sakatariyar ofis, suka kawo sabulu da kayan jarirai, suka zauna a gefen kujera suna duba waya, suna ce mini feliisitasiyon, wato barka da Faransanci. Wasu 'yan mata suka leƙo, suka karɓi abinci suka tafi. La'asar ta yi, inuwa ta tsallake tsakar gida, kujeru suna nan a jere ba kowa. Ina jiyo muryoyin mata daga tsallaken lungu, sun taru wajen Hajiya. Ba biki suke yi ba, zama kawai suke taya ta. Shinkafar sai masallacin direbobi aka kai.

Shari'ar ta ɗauki lokaci kafin ta ƙare. An sayar da kayan shago da motar Alhaji. Gidan bai tafi ba. Wasu sun ce maigidana ne ya tsaya kai da fata har masu kamfanin suka haƙura da gidan, wasu sun ce ƙarya ne, dama ba za a iya taɓa shi ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce miya ta yi daɗi yau. Har yanzu ban sani ba.

Shi dai daga nan aikinsa ya buɗe. Tsohon lauyan ya yaba masa, bankuna suka fara nemansa da sunansa. Yau yana Kwatano, gobe Abijan. Ya buɗe ofishin kansa, har yana da matasa biyu da suke koyo a ƙarƙashinsa. Ya ce mu tashi daga Zango, yara su samu sarari. Muka koma unguwar Jijole, gida mai katanga da ƙararrawa a ƙofa. Ruwa a cikin ɗaki, ba sai na je famfo ba. A nan ba mai shigo maka sai ya kira waya tukuna, ni kuma ba mai kirana. In ya tafi aiki, babbar ta tafi makaranta, sai ni da yaro da ƙarar firji. Maigidana bai canza mini ba ko kaɗan. In za shi walimar lauyoyi yakan ce in shirya mu tafi, ya gabatar da ni ba ya jin kunya. Ni ce nake tsayawa riƙe da kofin lemo ina murmushi har kumatuna su gaji.

Da yaron ya fara tafiya, wata Asabar na goya shi na hau zemijan na koma Zango. Ban gaya wa kowa ba. Fentin ƙofar ya koɗe. Hajiya tana zaune a zaure da ɗan tebur, tana sayar da guntayen yadi da zare da maɓallai. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa. Ta miƙo hannu, na kwance goyon na ba ta. Ta juya shi, ta ɗaga rigarsa.

“Wa ya gasa cibiyar nan?”

“Ubansa.”

“Ai ga alama.” Har bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya.

Na ce, “Hajiya, wallahi tallahi ban faɗa ba. Ko shi ban gaya wa ba.”

“Na sani.”

Na ɗago na dube ta.

“Tun ranar na sani. Ke da ko gishiri kika zubar sai fuskarki ta tona ki.” Ta gyara wa yaron riga. “Ba maganar faɗa ba ce. Shekara nawa ina bayarwa a unguwar nan? Amarya, mai jego, mai takaba, ba wadda ta shigo ta fita hannu sake. Ranar nan kowa ya san ba ni da sauran abin ba wa kowa. Shi ke nan abin da hannuna ya kai, na ba 'yata. Sai 'yata ta ajiye mini shi a gefen tabarma a gaban mutane.”

“An ce dole in mayar, Hajiya. Da aikinsa ya tafi.”

“Na ji wannan ma. Ban ce kin yi laifi ba.” Ta miƙo mini yaron. “Rana ta yi, kada ta dake shi. Ki gaida Metir.”

Wata mata ta zo sayen maɓalli, Hajiya ta juya wajenta. Na tsaya kaɗan ko za ta ce in shiga ciki in sha ruwa. Na gyara goyo na fito.

Ban rubuta wannan don in wanke kaina ba, kuma ba na son a zagi maigidana. Wani dole ya yi aikin da yake yi, gara mai tsoron Allah ya yi. Hajiya kuwa ba ni da bakin cewa komai a kanta. Amma tun da na bar Zango ba a taɓa aiko mini da goro ko alawar gayyata ba, ko ta aure ko ta suna. Sai dai in ga hotuna a waya, mata sun sha yayi iri ɗaya, wato anko, in riƙa buɗe hoton da yatsa ina neman fuskokin da na sani. 'Yata ta fara amsa mini Hausa da Faransanci. Ba ta san yadda ake durƙusa wa babba ba sai na tuna mata, don ba ta ganin ana yi.

Saboda haka ke da kike karanta wannan, in 'yar Zango ce ke, kin gane gidan da nake nufi, kin kuma gane ni. Ba na neman ki ba ni haƙuri, ba na neman ki shiga tsakani. In an yi haihuwa ko aure a gidanku, ki aiko mini da goro kamar kowa. Jijole ba nisa, masu zemijan sun san hanya. Zan zo da wuri da yarana, ki ba ni wanke-wanke ko yankan albasa, in zauna a cikinku har a tashi.